Ranar da Tela Ya Auno Monita

Ƙanena tela ne, kuma da a ce da baki ake ɗinki, da tuni ya tufatar da duniya har ya yi ragowa. Auta muke kiransa, don daga kansa mahaifiyarmu ta rufe. Ina jin kallon abin da ta haifa ta yi, ta ce ya isa haka. Ya ba hamsin baya, ga mata ga 'ya'ya, amma abu biyu ne kawai a ransa: gashin bakinsa, da ƙwallon da ake bugawa a na'urar gem.

Gashin bakin ba na wasa ba ne. Ya tara shi ya murɗe gefe da gefe kamar ƙahon rago, yana shafa masa mai kowace safiya, har da ɗan matajinsa a aljihun gaba, inda teloli masu hankali ke ajiye alli. Mai Aski, wanda shagonsa ke manne da na Auta a bakin gidan hayarmu, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gashin nan. Auta zai miƙa masa kai ya aske tas, amma da reza ta doshi hanci sai ya kare da tafin hannu ya ce, "Nan iyaka ce."

A shagon askin na'urar take, a jone da wata tsohuwar talabijin. Kullum rana ta yi sanyi sai Auta ya jingine ɗinkin mutane ya shiga, Mai Aski ya lallasa shi, ya fito yana bayani. Ni kuwa teburin sabuluna yana tsakanin shagunan biyu, ba abin da ke wuce ni.

Rannan ya fito yana huci, Mai Aski na biye da shi yana dariya.

"Ba kai ka ci ni ba," in ji Auta, "talabijin ɗinka ce ta ci ni. Na danna bugu, ɗan wasana ya tsaya yana shawara da iyayensa."

"Ai talabijin ɗaya muke kallo, Tela."

"Kai ka saba da cutarta. Bari in sayo monita irin ta 'yan gasa, mai HD, wadda za ka ga gumin goshin ɗan wasa yana ɗiga. In ban zura maka ƙwallo har ka roƙe ni ba, ka canza mini suna."

"Me zan yi da sunanka? Sa abin da ke da amfani."

Direban da ke haya a ɗakin ƙarshe yana zaune a benci, ga mai gyaran takalmi, ga masu jiran aski. Auta ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ga ido ya yi yawa, ya kai hannu ya murɗa gefen dama na gashin bakin.

"Na sa wannan."

Mai Aski ya dafe ƙirji kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

"In kuma ka ci ni," in ji Mai Aski, "ka aske mini kai da almakashinka na yadi, a gaban kowa."

Na ce, "Kai Auta, in rawa ta gagari mutum sai ya ce makaɗi ne bai iya ba. Janye maganar nan tun yawu bai bushe ba."

"Yaya, ke sabulu kika sani."

"Na kuma san wanda aka jiƙa yana jiran wanki."

Washegari matarsa ta same ni tana murza hannu. "Yaya, don Allah ki bi shi kasuwa. Ke kaɗai yake jin kunya."

"Ba kunyata yake ji ba, tsorona yake ji, shi ma sai ranar da ya ga dama." Amma na yafa mayafi na bi shi.

Shagon monita da ya shiga cike yake da allo iri-iri, duk a kunne, kifaye masu launi suna iyo a cikinsu. Mai shagon wata matashiya ce mai fara'a. Ta gaishe mu ta ce, "Baba, wace na'ura za a jona? Kuma nesa za ku zauna ko kusa?"

"Yarinya, ban zo amsa tambaya ba. Fito da ta manya."

Ta sauko da wata madaidaiciya. "Wannan ita masu gem ke nema. Hotonta tar yake, kana dannawa tana amsawa, fuskarta ba ta ɗaukar hasken taga, ga kuma bakin da wayar na'urarku za ta shiga."

Ni da ban taɓa riƙe gem ba na gane. Auta kuwa sai ya zare tef ɗin awo daga wuya, ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya taɓe baki.

"Ko wandon yaro ba za ta fitar ba."

Ya kama gefenta da yatsu biyu ya murza, yadda yake yi wa yadi. "Ba ƙyalli. Akoko ce wannan, yadi mai araha." Ya ɗaga ta da hannu ɗaya. "Ba nauyi. Kayan da ba nauyi wanki ɗaya ne sun mutu."

"Baba, ai ba a wanke monita."

"Shi ya sa ake cutarku. Ba ku san kaya ba."

Haka ya bi shagon yana awo yana murzawa yana kushewa, har ya kai ƙurya. Can ya hango wata ƙatuwa jingine da bango, a tsaye bisa ƙafar ƙarfe, ta fi ni tsawo, fuskarta gilashi baƙi wuluk. Ya goge ta da hannun riga. Sai ga shi a ciki, shi da gashin bakinsa.

"Yaya! Zo ki gani! A kashe take fa! A kashe ma ga gashin bakina ɗaya-ɗaya, ina ga an kunna?"

Mai shagon ta ce, "Baba, wannan ta talla ce. Daga wani zauren jira aka ciro ta, hoton kaya take nunawa a hankali. Ba ta da lasifika, kuma tana da jinkiri sosai."

"Babba ai ba ya gaggawa."

Ya rungume ta zai gwada nauyi, ta ƙi motsi, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya sake ta yana haki, fuskarsa cike da murna. "Kin ji kaya! Wannan har jikoki."

Na ce, "Auta, yarinyar nan ta gaya maka gaskiya, kuma ba ta ci riba da faɗarta ba. Ɗauki ƙaramar."

"Yaya, ni da na tsufa ina zaɓen yadi?"

"Yadin za ka buga wa ƙwallo?"

Bai ma ji ni ba, yana can yana gyara gefen hagu a gilashi. Mai shagon ta sa ya faɗa da bakinsa a gabana cewa in ta fita ba ta dawowa. Ya ce, "Ko kin biyo ni da kuka ba zan dawo da ita ba."

Tasi ya ƙi ɗauka, don ba inda za ta shiga. Sai amalanke muka samu, aka ɗaure ta a tsaye. Mai turawa ba ya ganin gabansa, Auta na gaba yana ba da hannu kamar mai raka gwamna. Duk inda muka gifta sai an tanka.

"Tela, ƙofar gilashi ka saya?"

"A'a, shagon aski zai buɗe, ya gaji da shan kashi!"

Wata mata ma ta tsayar da mu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a ciki, ta yi godiya ta wuce.

Da muka iso gida maza huɗu suka kama, aka doshi ɗakin Auta. Nan aka tsaya. Mutumin da ya auna monita ta sama ta ƙasa bai taɓa auna ƙofar ɗakinsa ba. Aka karkata, ta ƙi. Aka kwantar, ta ƙi. Direba ya ce, "Tela, wuyan rigar ya yi wa kan kaɗan."

"Ƙyauren ne ya tokare. A cire shi."

Ya kwance ƙyauren da kansa, ya tara kusoshin a bakin magudana, ƙafarsa ta share su suka zurara ciki. Aka sake gwadawa ba ƙyaure, monita ta ce ita fa ba ta shiga. Matarsa ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon ɗakinta a wangale.

"To yanzu a kasuwa za mu kwana ke nan?"

"Iska za ki sha, ba ki gode ba." Ya juya ga jama'a ya buɗe hannu. "Dama ni fili nake so. A tsakar gida za a yi, kowa ya shaida da idonsa, kada gobe a ce ƙarya nake."

Aka jingine ta a tsakar gida. Kafin a juya, zakaran maƙwabciyarmu ya hango wani zakara a ciki, ya tayar da wuya ya far masa. Auta ya bi shi da takalmi suna zagaya igiyar shanya, maƙwabciya na ihu a bar mata zakara, ai shi aka tsokana.

Ranar wasa, tun rana na tsaka gida ya cika. An jera bencuna, yara sun hau katanga, mata sun leƙo ta tagogi. Mai Aski ya shigo da na'ura a hammata, ya ajiye reza da kwanon kumfa a kan kujera, inda Auta zai riƙa ganinsu.

"Me ye na kawo waɗannan tun yanzu?"

"Don kada in wahalar da kai da jira."

Aka zo jona waya, kanta ya ƙi shiga bakin monita. Auta ya juya ta, ya hura, ya tura, ta ƙi. Sai ya zaro almakashi.

Mai Aski ya ce, "Kai, me za ka yi?"

"Abin da bai shiga ba ragewa ake yi. Wannan sana'ata ce."

Kafin a riƙe hannunsa ya datse gefe. Wayar ta shiga kuwa, har tana lilo, sai dai ko ƙyas allon bai yi ba. Dole Direba ya hau babur ya koma wurin mai shagon, ya dawo da sabuwar waya da wani ɗan abin haɗi.

"Ta ce in gaida babban da ba ya gaggawa. Ta kuma ce wannan abin haɗin zai ƙara jinkiri, kada ka ce ba ta faɗa ba."

"Hassada ce. Ta yi nadamar sayarwa."

Aka jona, allo ya kawo. Jama'a suka yi shewa, sannan shewar ta mutu, kowa ya karkata kai gefe guda. Filin ƙwallon a tsaye ya fito, raga ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, 'yan wasa suna hawa bango kamar ƙadangaru.

Mai gyaran takalmi ya ce, "Ni ina bayan wanda zai buga gangara."

Aka kwance ƙafar ƙarfen, aka kwantar da monita a kan benci biyu, aka tokare bayanta da akwatin kayan matar Auta, tana kallo tana ƙwafa. Fili ya daidaita. Sai aka lura ba sauti.

"Ƙara murya," in ji wani.

"Ba ta da lasifika," na ce. "An gaya masa, yana can yana soyayya da gilashi."

Direba ya miƙe ya ce shi zai zama lasifika, usur da ihun 'yan kallo da sharhi duk nasa ne. Ya sa yatsu a baki ya busa, aka fara.

Aka fara ɗin, amma ba wanda ke ganin ƙwallo. Rana ta faɗo a kan gilashi, abin da ke ciki sai mu: ga ni a zaune, ga yara a katanga, ga wandunan Direba a igiyar shanya suna kaɗawa a tsakiyar fili. 'Yan wasan kamar aljanu suke gilmawa ta cikin fuskokinmu.

"A tsaya!" in ji Auta. Ya ruga shago ya dawo da wani dogon yadi shuɗi mai ruwan zinari, sabo fil. Aka ɗaura gefe ɗaya a igiyar shanya, ɗayan a bayan monita, ya zama rumfa. Shi da Mai Aski suka shige ƙarƙashi, mu muna leƙe ta gefe.

Na ce, "Yadin wa ka ɗauko?"

"Na wata malamar makaranta ce, ba ta zuwa sai ƙarshen wata."

Yanzu hoto ya fito, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Har ciyawa ana gani. Auta ya waiwayo yana murmushi. "Kun ga gumin goshi? Na faɗa ko ban faɗa ba?"

Yana cikin nuna mana gumi Mai Aski ya zura ta farko.

"Ta shigaaa!" in ji Direba. "Tela na kallon gumi, raga na shan ƙwallo!"

Nan jinkirin ya nuna kansa. In tsohuwar talabijin ɗan wasa shawara yake da iyayensa, a wannan sai ya je ƙauye ya gaida kakanni ya dawo. Auta zai danna, ba abin da ya faru, ya sake dannawa, ya haɗa duk maɓallan ya murƙushe. Can sai ɗan wasansa ya tuna, ya yi duk abin da aka umarce shi a jere: ya yi tsalle, ya zame, ya harbi iska, alhali ƙwallo ta daɗe da barin unguwar.

Mai Aski ma abin ya taɓa shi da farko, sai ya nutsu ya fara dannawa tun kafin ƙwallo ta iso.

"Yaya kake yi?" in ji mai gyaran takalmi.

"Ni da nake aske yara masu kuka? Ba inda kai yake ake kai hannu ba, inda zai je ake kaiwa."

Ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Muryar Direba ta fara dushewa. A ƙarƙashin rumfa zafi ya taru, ga monita na fitar da nata kamar murhu. Gumi ya jiƙe Auta sharkaf, man gashin baki ya narke, ƙahonnin nan biyu suka sunkuyo kamar kunnen akuya.

"Dabara ce," yake cewa. "Ina barinsa ya gaji ne."

"Ka bar shi ya gaji da yawa," na ce. "Raga ta kusa yagewa."

Ana dab da tashi, Allah ya kawo wa Auta fanareti. Ba za ta cece shi ba, amma ya miƙe tsaye kamar ita ce kofin duniya. "Ku buɗe ido! Daga wannan za a fara ramuwa. Mai Aski, yi sallama da gashin kanka!"

Daidai nan wata mata ta ratso taro da jaka a kafaɗa. Ta tsaya, ta dubi rumfa, ta kama gefen yadin ta juya shi.

"Tela! Wannan ba yadina ba ne?"

Daga ƙarƙashi murya ta fito ƙasa-ƙasa. "Malama, sannu da zuwa. Ai ban zaci..."

"Shekaranjiya ka ce mini saura maɓalli! Ko almakashi bai gani ba!"

"Shanya shi nake ya saki jiki, haka ake wa yadi mai tsada..."

Ba ta jira ƙarshen bayani ba. Ta finciko abinta da ƙarfi ɗaya, rumfa ta tashi, rana ta faɗo kan gilashi. Fili ya ɓace, raga ta ɓace. Abin da ya rage a gaban Auta sai fuskarsa, ƙatuwa, da gashin baki a kwance kamar jiƙaƙƙiyar tsintsiya.

Na rantse ba shi ya aiki hannun ba, da kansa ya tafi. Hannu ɗaya ya saki abin dannawa ya kai yatsu zai murɗe gefen dama, ɗaya hannun ya matse maɓalli. Ba abin da ya faru. Ya gama murɗa dama, ya koma hagu. Sai can wani yaro a katanga, wanda ke gani ta gefe, ya ƙwala ihu, "Ya buga! Ta yi sama! Ta fita daga talabijin!"

Direba ya tattara sauran numfashinsa ya busa tashi.

Gida ya kaure. Mai gyaran takalmi ya faɗo daga benci, maƙwabciya na share hawaye da bakin zane, Malama na naɗe yadinta tana faɗin abin da ba zan rubuta ba. Mai Aski ya jawo kujera tsakiyar fili, ya kaɗa kumfa. Sai kuma ya dubi Auta, ya ga yadda ya dafe baki da hannu biyu, tausayi ya kama shi.

"Tela, maƙwabtaka ta fi gashi. Ka ce a gaban mutanen nan, 'Mai Aski ya fi ni iya gem, ba laifin allo ba ne.' Shi ke nan, na yafe, ka tafi da abinka."

Matarsa ta ce, "Faɗi mana! Kalma nawa ce?"

Na ce, "Auta, faɗi. Ba a taɓa yi maka ciniki mai sauƙin wannan ba."

Ya buɗe baki. Ya dubi jama'a. Ya shafa gashin, tun daga wannan ƙarshe har wancan. Muka miƙa wuya.

"Mai Aski ya..." Ya haɗiye yawu. "Mai Aski ya ci sa'ar rana. Da a inuwa ne..."

"Zauna," in ji Mai Aski.

Ya zauna. Aka yafa masa tawul, aka shafa kumfa. Reza ta bi dama, ta bi hagu, abin da aka yi shekaru ana yi wa hidima ya zubo a cinyarsa kamar an gyara goga. Da aka goge, sai ga wani leɓe fari fat, dogo, wanda rabona da shi tun yana tsotson yatsa. Matarsa ta leƙa ta ja da baya.

"Ashe haka kake? Ni fa ban taɓa ganinka ba!"

Auta ya taɓa wurin a hankali. Iska ta bi ta kai, ya ɗan zabura. Muna jiran kuka ko zagi. Sai ya juya kai dama, ya juya hagu, ya miƙe tsaye, idonsa ya kawo haske.

"Kun ji yadda kaina ya yi sakayau? Wallahi shi ne! Nauyinsa ke janyo mini kai ƙasa, shi ya sa ba na ganin saman fili. Shekara da shekaru ina wasa da kaya a fuska! Mai Aski, gobe a sake. Na sa gira, duka biyun."

Mai Aski ya tsaya da reza a hannu, ya juyo ya dube ni, don ni ce babba a wurin.

Na ce, "Karɓi. Kuma kada ka mayar da rezar nan kube. Tun yana yaro ba ya barin abu sai abin ya ƙare, ga shi Allah ya yi shi da gashi har gadon baya."